Hotunan da Suka Fi Ƙarfin Wayar Inna

A gidan wanke hotunan da Yaya take aiki, babu laifin da ya kai a kawo mata hoton da waya ta matse. Mutum zai shigo da fara'arsa, ya miƙo waya ya ce a fitar masa da wannan babba, irin na ratayewa a falo. Yaya za ta ɗora hoton a kwamfuta, ta ja shi ya cika allo, sannan ta juyo da allon wajen mai shi. Fuskar amarya ta farfashe ta koma ƙananan akwatuna, hancin ango ya narke cikin kumatunsa.

"Ina na asalin?" in ji Yaya.

"Ai shi ne wannan. Haka aka turo min."

"Wannan gawarsa ce, tun a hanya aka kashe shi. Je ka ce wa wanda ya ɗauka ya ba ka na cikin kyamara, da nauyinsa."

Ta iya aikinta, ko wanda ba ya sonta ba zai musa ba. Kuma abin da take faɗa wa mutane shi take yi a gida. Tana da kyamararta mai kyau, duk ƙarshen mako sai ta tsayar da 'yarta Gimbiya a bakin taga inda haske ke shigowa, ta gyara mata kwalar riga, ta ɗauka. A hotunan nan kana iya ƙirga gashin idon yarinyar. Idan za ta tura su guruf ɗin 'yan gidansu, takan danna wurin da ke hana manhajar taɓa hoto, ya tafi yadda yake, kowane ɗaya da nauyin da ya isa ya durƙusar da ƙaramar waya.

Ƙanwarta Auta kuma, kamar da gangan, aikinta kishiyar wannan ne. Tana wani kamfani da ke sayar da kujeru da gadaje ta intanet, wuni take tana rage wa hotuna nauyi don shafinsu ya buɗe da sauri kafin mai saye ya gaji ya tafi. Yaya ba ta kiran wannan da sunan aiki. Mahauta take ce wa ofishin, Auta kuma mahauciya. Auta ta yi dariya ta ce to, ai nama ma sai an yanka yake shiga tukunya.

Mahaifiyarsu, Inna, tana can garin da suka tashi, tafiyar wuni guda, a bayan wasu duwatsu inda sabis ke zuwa sai ya ga dama. Kiran bidiyo kam ba a ma maganarsa. Idan tana son saƙo ya shigo, sai ta fita tsakar gida ta tsaya kusa da tankin ruwa ta ɗaga hannu sama. Wayar ma tsohuwar wayar Auta ce. Yaya ta taɓa cewa za ta saya mata sabuwa, Inna ta ce a'a, ta saba da wannan, ta san inda komai yake. Ƙaramar magana ce, amma Yaya ba ta manta da ita ba.

To, ga abin da ke cin Yaya. Auta na da 'ya, Tsigi, ƙanwar Gimbiya ce da shekara ɗaya da wani abu. Duk ranar da Auta ta jefa hoton Tsigi a guruf, hoton da aka ɗauka a tsaitsaye, rabin kai ma a yanke, kafin a jima saƙon muryar Inna ya sauka, dogo, da dariya a ciki. Ta ga sabon haƙori. Ta ga safa ɗaya ja ce ɗaya fara. Ta tambayi wa ya ƙuje wa ƙawarta gwiwa. Amma idan Yaya ta tura na Gimbiya, wanda ta ɓata safiya guda tana gyarawa, sai a wuni a kwana, sannan a ji 'yar gajeruwar murya:

"Allah ya raya. Allah ya yi albarka."

Shi ke nan. Yaya takan saurari na Tsigi har ƙarshe, ta koma ta sake saurara. Kishi take, kuma ta san kishi take. Mace da girmanta, tana kishin yarinyar da ko magana ba ta gama iyawa ba. Amma ba yau abin ya fara ba. Tun suna yara, idan Auta ta zana kaza da ƙafa uku sai an manna a bango, ita kuwa ta kawo sakamako mai kyau a ce ai dama an san za ta yi.

Da farko-farko Inna ta taɓa cewa hotunan Gimbiya ba sa buɗewa. Ranar Yaya na tsakiyar faɗa da wani mai kalanda, ta amsa a gajarce: "Inna, ki danna ki jira mana. Hoto mai kyau ba ya sauri." Inna ta ce to. Ba ta sake tayar da maganar ba, don ta san halin babbar 'yarta, idan ta hau ba ta sauka da wuri.

Sai kuma wani lokaci ya zo da abubuwa suka canza. Yaya ta kira gaisuwa, Inna ta shiga ba ta labarin hoton Gimbiya kamar tana wurin aka ɗauka. Wai ribon ɗin nan ruwan ƙwai ya karɓe ta. Wai goshin nan na marigayi baban su Yaya ne sak, har yadda yake tattare shi idan rana ta haske masa ido. Yaya ta zauna a kan kwalin takardun hoto tana saurara, bakinta ya ƙi rufuwa. Makonni aka yi haka. Abokan aikinta har suka fara tambayar ko wani abin arziki ne ya samu, don an ga ta bar wani tsoho ya tafi da mataccen hoto ba ta yi masa wa'azi ba.

Rannan, a ƙarshen wata doguwar hira, Inna ta ce, "Kai, Allah dai ya yi wa Auta albarka. Ba don ita ba da ban san ƙawata ta yi wannan wayon ba."

"Auta kuma? Me Auta ta yi?"

"Ai ita ke turo min su ta gefe. Nata da na taɓa suke buɗewa."

Yaya ba ta san yadda ta yi sallama ba. Ashe duk farin cikin nan da take yi, ta hannun Auta ya biyo. Hotonta, kyamararta, 'yar da ta haifa, amma sai Auta ta sa hannu Inna ke gani, kuma albarkar ma Auta aka sa wa. Ta rufe kwamfuta, ta ce wa maigidan shagon za ta je ta dawo.

Ofishin su Auta ɗaki ne dogo a saman bene, tebura a jere, kowa da allo biyu a gabansa. Yaya ta tarar da Auta tana fama da hoton wata kujera mai zaman mutum uku.

"Yaya! Lafiya? Yau ke ce a mahauta?"

"Wa ya ce ki taɓa min hotunan 'yata?"

Murmushin Auta ya ɗauke. Ta ja mata kujera, Yaya ta ƙi zama.

"Yaya, ba sa buɗe mata ne. Naki guda ɗaya ya fi nawa hamsin nauyi. Wayar nan ko wurin ajiye su ba ta da shi. Na rage faɗinsu ne kawai na sauke nauyin, wallahi ko kala ban taɓa ba. Tsaya ki gani."

Ta buɗe hoton Gimbiya guda biyu gefe da gefe, na asali da wanda ta rage, ta mayar da su daidai girman fuskar waya. "Nuna min bambancin."

Yaya ta fizge linzamin kwamfutar, ta yi ta zuƙo na Auta har idon Gimbiya ya cika allo. Gashin idon ya cure ya zama baƙin layi ɗaya. Ta zuƙo nata, ga su nan ɗaya bayan ɗaya.

"Ga shi nan. Kin gani ko ba ki gani ba?"

"Na gani. Amma Inna ba ta zuƙowa haka, Yaya. Fuska take son gani."

"Ke kika san abin da Inna take so, ko? Dama ke kaɗai kika sani." Muryarta ta fara tashi, na teburin kusa ya cusa abin sauraro a kunne. "'Yata ce, ba kujerar kamfaninku ba. Kuma da kika yi, me ya hana ki gaya min? Sai ki bi ta bayana ki kwashe godiya?"

"Da na gaya miki ai da kin hana."

"To yanzu na hana."

Auta ta ce a hankali, "Shi ke nan, na bari. Amma don Allah ke ki riƙa ragewa. Ai kin fi ni sanin yadda ake yi."

Gaskiya ne, kuma shi ya fi ƙona wa Yaya rai. A manhajar da take aiki da ita kullum, rage hoto dannawa biyu ne. Sai dai tana saukowa daga benen nan ta riga ta yanke cewa ba za ta yi ba. Idan ta rage, ta bi Auta ke nan. Kuma can ƙasan ranta akwai wani lissafi da ba za ta iya faɗa wa kowa ba: da hoton Tsigi ne yake jinkirin buɗewa, da Inna ta wuni a gindin tankin nan da hannu a sama. Idan tana son ganin Gimbiya, ta jira. Sau ɗaya dai a rayuwa a yi wa Yaya wahala.

Daga ranar ta daina sa hoto a guruf. Kai tsaye take tura wa Inna, da cikakken nauyinsu, inda hannun Auta ba zai kai ba. Zuwa gidan Auta ma ya ja baya. Ranar da suka haɗu a wani asibiti wajen dubiya, Auta ta ɗaga waya za ta ɗauki yaran biyu suna wasa a baranda, Yaya ta janye Gimbiya ta ce ba ta son hoton waya. Auta ta mayar da wayarta jaka, idonta ya ciko.

Duk bayan ta tura sai ta kira.

"Inna, kin ga na jiya?"

"Na gani. Allah ya raya."

"Kin ga rigar makarantar?"

"Eh... Allah ya ba da sa'a."

Sai Yaya ta ajiye waya ta zauna tana huci. Ga shi nan, dama ta faɗa. Da hannun Auta ya fita, zancen Gimbiya ya mutu. A guruf kuwa ana nan ana shagali, Tsigi ta shiga aji, Tsigi ta iya waƙa, Inna na ta zuba murya. Sau biyu Auta na rubuto wa Yaya cewa Inna fa ba ta ganin komai, kunyar faɗa take. Yaya ta karanta ta ja tsaki. Wato yanzu har ta zama mai magana da yawun Inna. Baban Gimbiya ma ya taɓa sa baki, yana ɗaure igiyar takalmi zai fita, ya ce shi a ganinsa a rage ɗin ba wani abu ba ne. Kallon da ta yi masa ya sa ya ƙarasa ɗaurin a waje.

Haka aka ci shekara har da ɗoriya. Aiki bai bar Yaya ta je gida ba, ko kuma ita ba ta bar aikin ya bar ta ba. Sai da aka yi dogon hutun makaranta Inna ta ce lallai tana son ganin su duka a lokaci ɗaya, ba ta karɓar uzuri.

Yaya ta shirya wa tafiyar nan. Ta zaɓi hoton Gimbiya mafi kyau, ta wanke shi da kanta a takarda mai tsada, babba, aka sa masa gilashi da katako. A mota a kan cinyarta ta riƙe shi tun safe har la'asar, ba ta yarda an sa shi a but ba. So take Inna ta ga abin da ake kira hoto, ta kuma gane abin da aka riƙa ba ta a madadinsa.

Su Auta sun riga su isa da kwana ɗaya. Da motar ta tsaya, Inna ta fito da sauri har ɗankwalinta na zamewa, Tsigi na riƙe da gefen zanenta. Gimbiya ta sauko ta tsaya, doguwa, ƙafafu zalau-zalau, ta gaishe da kakarta yadda aka koya mata. Inna ta amsa da fara'ar da ake yi wa 'yar maƙwabta, ta leƙa cikin motar, ta leƙa bayan Yaya.

"Ina ƙawar tawa? Ko ta yi barci ne?"

Auta ta sunkuyar da kai. Inna ta juyo a hankali ta dubi yarinyar da ke gabanta, tun daga takalmi har goshi, sai ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu. Ke ce? Ke ce kika zama haka?"

Ta rungume ta tana dariya tana share ido da bakin mayafi. Yaya na tsaye da ƙaton hoto a hannu, ta rasa inda za ta ajiye shi.

A ɗaki, bayan an sha ruwa an huta, Inna ta karɓi hoton ta yaba ƙwarai, ta jingine shi a bango bayan keken ɗinkinta, ta ce sai an samo ƙusa. Keken nan da shi ta yi musu kuɗin makaranta su biyun, kuma har yanzu unguwar ana cewa Inna ba ta buƙatar tef, kallo ɗaya take wa yaro ta yanka masa yadi. Ta buɗe akwatin da ke ƙarƙashin gado tana 'yar dariyar jin kunya.

"Na yi wa ƙawata wani abu. Na daɗe ina yi, idon ne sai da rana. Amma yanzu kam ban sani ba."

Riga ce ruwan ƙwai, mai tattara a ƙugu, an bi wuyanta da hannuwanta da ƙananan furanni na zare, duk aikin hannu. Gimbiya ta yi tsalle ta tuɓe tata tun kafin a ce mata. Kai ya shiga da ƙyar. A kafaɗa rigar ta tsaya cak. Aka ja ta nan, aka ja ta can, yarinyar na ciki tana cewa hannunta zai karye, har aka ji zare ya fara ƙara. Inna ta ce a bari, a cire kar ta yage.

"Da wane hoto kika auna, Inna?" Yaya ta tambaya, muryarta ba ta fita sosai.

"Da na ƙarshen da na gani mana. Mai ribon ɗin nan. Na ma ƙara mata kaɗan saboda girma."

"Duk waɗanda na turo miki fa? Kin ce kin gani."

Inna ta laluba ƙarƙashin matashi ta ɗauko wayar, ta buɗe wurin saƙon Yaya ta miƙa mata. Yaya ta ja da yatsa. Ta ja, ta sake ja. Akwatuna ne a jere har ba iyaka, kowanne dishi-dishi kamar an shafa wa gilashi man shafawa, da 'yar kibiya a tsakiya. Babu ko ɗaya da ya buɗe.

"Ai ina gani, ba ƙarya na yi miki ba," in ji Inna. "Ga wannan, na san shuɗi ta sa. Wannan kuma ina jin a waje ne, don ga kore nan. Nakan kai su gindin tanki in danna, abin ya yi ta juyawa har hannuna ya gaji, in sauke in sake ɗagawa. Wani lokacin ya kusa cika sai ya koma farko. Ban goge ko ɗaya ba, na ce wata rana za su buɗe."

Ashe ta jira. Abin da Yaya ta so ke nan, an kuma yi mata, amma ba ta ji daɗin komai ba. Ta kasa ɗaga ido daga wayar.

Tsigi ce ta tsinci rigar daga kan gado ta kara a jikinta. Auta ta yi saurin cewa, "Ke, ajiye, ba taki ba ce." Amma Inna ta riga ta karkata kai tana auna yarinyar da ido.

"Bar ta ta gwada. Aikin wata da watanni, ai ba a bar shi a akwati ba."

Rigar ta zauna wa Tsigi kamar a jikinta aka yanka. Ta shiga juyi a tsakar ɗaki, tattarar na buɗewa, Inna na tafi tana mata kirari. Gimbiya na tsaye a jikin ƙofa da 'yar singileti, ta rungume tsohuwar rigarta, tana kallon furannin da aka yi domin ta suna wucewa ta gabanta. Ba ta yi kuka ba. Ta dai matso ta ja hannun uwarta ta ce a hankali, "Mama, ba tawa ba ce?"

"Zan yi miki wata, ƙawata, wadda ta fi wannan," in ji Inna. "Yanzu ai na gan ki." Sannan ta juya, har yanzu da dariya a bakinta. Kyamarar Yaya na nan a kan gado, kusa da gwiwar Inna, amma ba ita ta kalla ba.

"Auta, tashi ki ɗaukar min su su biyun kafin rana ta faɗi. Ki turo min irin naki, mai buɗewa."

Auta ta dubi yayarta, ba ta motsa ba. Yaya ta durƙusa ta karɓi tsohuwar rigar daga hannun Gimbiya, ta zura mata, ta gyara kwalar, ta tura ta gaba kusa da Tsigi. Sannan ta matsa gefe don kada ta tare wa Auta haske.